Goron Gayyata da Takardar Gayyata

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum

 

Yau maganar biki za mu yi. Kun sani da zarar hatsi ya shiga rumbu, sai ɗaure-ɗauren aure su taso ko'ina. Haka kuma in azumi ya gabato, kowa yana so a kai amarya ɗakinta kafin a ga wata. To, a duk ajin da muka zaga, tun daga Anka har Nasarawar Burkullu, har Gummi, tambaya guda ce a ke yi mana: "Malam, yaya za mu yi da kati?" Mai aurar da ɗiya yana tambaya, mai yi wa ɗansa aure yana tambaya. Kuɗi sun tafi wajen sadaki da lefe da gado da gara, ga shi kuwa ana cewa in ba a buga kati ba biki bai cika ba. Samarin birni suna kiransa "aibi", sun yanko kalmar daga Turanci. Mu dai so mu ke namu ya fito ba aibi.

Bari mu fara da abin da muka gada. Kakanninmu da goro su ke gayyata. In an sa rana, sai uban yarinya ko waliyyinta ya sayi goro, ƙwarya ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfinsa. Ƙwarya ɗaya goro 100 ke nan. A rarraba, a bi gida gida, a ce, "Ga goron ɗaurin auren Wance, ran kaza." Wanda ya karɓa ya san nauyi ya hau kansa. Sanƙira kuma ya bi gari da shela. Mutanen Gummi ba sa bukatar a gaya musu darajar goro. A ƙarni na 19 garinsu mazaunin Kambarin Barebari ne, fataken da su ke kora jakuna har Gwanja, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta wata da watanni, madugu yana gaba, ayari yana biye. Daga baya jirgin ƙasa ya karɓe wannan fatauci, ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, goro ya riƙa zuwa daga Kurmi. Ashe ƙwayar goron da a ke miƙa wa mutum ta sha tafiya kafin ta zo hannunsa, shi ya sa ba a raina ta.

Kati kuwa baƙo ne. Daga birni ya zo, wajen ma'aikata da 'yan kasuwa, sa'an nan ya bazu har ƙauye. Ba mu ce ba shi da amfani ba. Goro ba ya magana. In ɗan aike ya manta rana, ko ya ce Asabar alhali Lahadi aka ce masa, goron ba zai gyara masa ba. Takarda kuwa abin da aka rubuta a kanta shi za ta faɗa, ko ta kwana goma a aljihu. Amma ku riƙe wannan: malamai sun gaya mana abin da aure ke bukata, watau waliyyi, da sadaki, da shaidu, da siga. Kati ba ya ciki. Saboda haka mutum ya ci bashi, ko ya sayar da tunkiyar da ya ke kiwo, don kati mai ruwan zinariya, wannan a wurinmu wauta ce.

Yanzu ga irin wahalar da mutane ke sha. Mutum zai tashi daga ƙauyensu, ya biya ɗan kabu-kabu zuwa bakin hanya, ya biya mota zuwa gari, wani ma har Gusau ko Sakkwato. Ya sami mai shagon kwamfuta, ya faɗa masa sunaye da baki, ya ba da kafin alƙalami. A ce ya komo jibi. Jibi ya komo, a ce an ɗauke wuta. Ya ce a ta da janareta, a ce sai ya ƙara kuɗin mai. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da kuɗin janareta duka suka tashi, takarda kuwa yawancinta daga ƙasashen waje a ke kawo ta. In kuwa ka yi rashin sa'a bikinka ya faɗo lokacin zaɓe, kamar Fabrairu da Maris na 2023, to, masu buga takardu ba su da lokacinka, hotunan 'yan takara sun cika injin. Sau uku mutum zai yi wannan tafiya. In ya zauna ya yi lissafi sai ya ga kuɗin mota sun fi kuɗin katin.

Duk wannan da sauƙi. Babban abin takaici shi ne ran da aka miƙo masa katin a ƙunshe, ya duba, ya ga ado, ya ga furanni, ya yi murna, ya biya, ya tafi gida, don bai iya karatu ba. Sai ya raba rabi tukuna wani yaro ɗan makaranta zai ce, "Baba, ai ba sunan Yaya ba ne a nan." Mun ga kati irin wannan a wani ƙauye. Mai shagon ya ɗauko tsohon katin wani ne a cikin kwamfutarsa, ya canja sunan ango da na amarya, ya manta bai canja sunan gari da rana ba. Baƙi na nesa suka nufi wani gari dabam. Da aka koma masa sai ya ce shi abin da aka faɗa masa ya buga, in ana son sabo a sake biya. Wa zai yi shaida? Ba a rubuta kome ba, da baki aka yi.

To, ku da ku ke cikin aji, kun wuce wannan matsayi. Wanda ya iya rubuta sunansa da sunan garinsu da kwanakin mako, ya iya rubuta takardar gayyata. Bari mu bi ta daki daki.

Kafin ka taɓa alƙalami don kati, sai ka ƙidaya mutane. Ka sami littafinka na aji, ka zauna da uwargida da wani dattijo na gidanku. Ka rubuta dangin uba, da dangin uwa, da surukai, da maƙwabta, da abokan sana'a. Gida a ke ƙidayawa, ba kai ba, gama takarda ɗaya ta ishi gida ɗaya. Kada ka yi wannan aiki kai kaɗai. Mata sun fi mu riƙe zumunci a ka. Uwargida ta san wadda ta kai wa biki shekara biyar da suka wuce, ta san abin da ta kai, ta kuma san ranar rama mata ta zo. In aka tsallake wannan mata, an yi hasara biyu, ga fushi, ga gudummawar da ba za ta zo ba. Mutum ya kan manta wanda ya ci tuwon bikinsa, amma wanda ba a gaya wa ba, shi ba ya mantawa, har jikoki sai su ji labari.

In ka gama, ka sake bin sunayen, ka sa alama a jikin waɗanda ba a aika musu takarda. Baffanka, da kawunka, da gwaggonka, da liman, da mai unguwa, da surukinka, waɗannan da ƙafarka za ka je, ka durƙusa, ka ajiye goro, ka faɗa da bakinka. Ka aika wa kawunka kati ta hannun yaro, ai ka zage shi ke nan. Mutanen unguwa kuma sanarwa a masallaci ta ishe su. Da ka fitar da waɗannan, za ka ga waɗanda suka rage na nesa ne, da waɗanda ku ke hulɗa ta kasuwa ko ta aiki. Wanda ya yi niyyar buga 300 sau da yawa sai ya ga 60 ko 80 sun ishe shi.

Sai abin da za a rubuta. Kada a cika surutu. Ga misali, ku kwafe shi a littafinku:

Iyalan Malam Wane na Anka
da iyalan Malam Wane na Gummi
suna gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu
Wane da Wance
ran Jumma'a, kaza ga watan kaza
bayan an sauko daga masallaci
a ƙofar gidan Malam Wane, unguwar kaza, Gummi
Allah ya ba da ikon zuwa, amin

Layi takwas ke nan, kuma ba abin da baƙo ke bukata wanda babu a ciki. Ya san masu gayyatarsa, ya san na wa ne, ya san rana da lokaci da wuri.

Wajen rana akwai tarko, ku lura da kyau. Muna da lissafi biyu, na watan sama da na watan Bature. Watan sama da gani a ke tsayar da shi, ya kan yi kwana 29, ya kan yi 30. In ka rubuta "goma ga wata" tun watan bai tsaya ba, mai yiwuwa ne goman ta faɗo ran Alhamis, kai kuwa Jumma'a ka ke nufi. Saboda haka sunan ranar mako shi ne ginshiƙi, kada ka bar shi. Ka rubuta Jumma'a, sa'an nan ka duba kalanda da idonka ka sa kwanan watan Bature. In kana so ka ƙara na watan sama, ka bari sai ya tsaya. Lokaci kuma, a ƙauye "bayan Azahar" ko "da hantsi" ya fi "ƙarfe kaza" tabbas, amma in akwai ma'aikata cikin baƙinka, sa duka biyu.

Wajen wuri ma haka. Kada ka rubuta "Nasarawa" kurum ka yi shiru. Nasarawa nawa ce a ƙasar Hausa? A jiharmu kaɗai akwai fiye da ɗaya, ga unguwa a Kano, ga jiha sukutum mai wannan suna. Rubuta Nasarawar Burkullu, ƙasar Bukkuyum. Sunan Bukkuyum kansa mun gan shi an rubuta iri iri, wani da k ɗaya, wani da biyu. Gummi ma haka. Marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi ɗan garin ne, amma da m ɗaya a ke rubuta sunansa a littattafai. Kai dai ka zaɓi yadda hukuma ke rubutawa, ka tsaya a kai.

Yanzu mun zo kan haruffan nan uku masu lanƙwasa, waɗanda ku ke ƙorafi a kansu tun makon farko: ɓ da ɗ da ƙ. Tun shekarun 1930 aka shigar da su cikin rubutun boko a Zariya, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da su kuma aka buga Zaruma, jaridar Lardin Sakkwato, wadda 'yan ajin yaƙi da jahilci na shekarun 1950 su ke karantawa, lokacin ƙasarmu duk tana cikin wannan lardi. Ga shi yau yara masu kwamfuta da yawa ba su san inda za su same su ba, ko kuwa ƙyuya ce ke hana su. Sai su buga maka "baki" inda ka ce "baƙi", su mai da mutanen da ka gayyata abin cin tuwo. "Ɗa" ya koma "da". "Ƙofa" ta rasa lanƙwasarta, Ɗaki Takwas ya rasa tasa. Mai karatu ya kan gane, amma abin ba kyau, kuma ba dole ba ne. Haruffan suna nan cikin kwamfuta da wayar hannu, neman su a ke yi. In mai shago ya ce ba shi da su, ga dabara: a kan takardar farko, kafin a yi fotokwafi, ka sa baƙin biro ka lanƙwasa musu kai da hannunka. Gyara ɗaya ya wadatar da duka.

Kada kuma mu manta da masu karatun ajami. A garuruwanmu dattawa da almajirai da yawa ba su karanta boko, amma ajami kamar ruwa. Dubi takardar naira 200 ko 500 ko 1,000, za ka ga an rubuta adadinta da ajami, don hukuma ta san da su. Bayan katinka fili ne. Ka roƙi malamin allo na unguwarku ya rubuta maka rana da wuri da ajami, a sa a baya. Dattijon da ya karanta da kansa ya fi jin an girmama shi bisa wanda jikansa ya karanta masa.

To, sai lissafin takarda, a nan ne kuɗi ke tsira. Farar takardar da a ke sa wa a injin fotokwafi, wadda a ke kira A4, faɗinta santimita 21, tsawonta ya kusa 30. Ƙunshi ɗaya takarda 500 ne. In ka ninka ta biyu, ka sake ninkawa, ta ba ka gida huɗu, kowane gida kamar tafin hannu. Layi takwas ɗin nan namu sun shiga gida ɗaya har da saura. Saboda haka sai ka rubuta gayyatarka sau huɗu a takarda ɗaya, ko ka sa a buga maka haka. Mu ɗauka, don misali kurum, mai shago yana karɓar naira 100 a kan kowace takarda da ta bi ta cikin inji. In kati ɗaya ne a takarda ɗaya, kati 100 ya ci naira 10,000. In huɗu ne a takarda ɗaya, takarda 25 ka ke bukata, watau naira 2,500. Ku yi wannan lissafi a allo ku gani da kanku. In kana son mai kauri, akwai kwali mai launi da a ke sayarwa a shagon littattafai, wanda injin ke iya ja. Ka tambayi mai injin tukuna kafin ka saya, gama ba kowane inji ke karɓarsa ba. Yanka kuwa, rula da sabuwar reza a kan katako sun fi almakashi miƙewa. Ambulan ba tilas ba ne. Ninka katin, ka rubuta sunan mai shi a baya.

Babbar maɗaba'a dabam ta ke. Can sai an zana rubutun a jikin farantin ƙarfe kafin inji ya fara aiki, kuma kowane launi da farantinsa. Kuɗin farantin ɗaya ne, ko kati 50 za a buga ko 1,000. Shi ya sa mai buga kaɗan ya ke cutuwa a can, mai buga da yawa ya ke samun sauƙi. Wannan wurin sarakuna ne da attajirai masu tara jama'ar lardi guda. Mai gida 60 ba shi da abin yi a can.

Wanda kuwa ƙauyensu ya yi nisa da inji, hannu ma inji ne. Ku nawa ne a ajin nan? In ku 20 ne, kowa ya rubuta uku, an sami 60 a zama ɗaya, kun kuma yi darasin rubutu na ranar. Gayya ce irin ta noma, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. Abu ɗaya za mu faɗa, kada kowa ya ji haushi: ba duka hannu ne ya nuna ba tukuna. Malamin aji ya duba kowace takarda kafin ta fita, wadda ta karkace a ajiye ta a sake. Tawada mai narkewa kuma a guje ta, gumi kaɗan a aljihun direba sai ta zama dabbare. Biro ya fi.

In dai shago za ka, to, kada ka je da baki. Rubuta abinka a gida, kofi biyu, ka ba mai shago ɗaya, ka riƙe ɗaya. Ka ce ya fitar maka da guda ɗaya tak tukuna. Ka tsaya nan gabansa ka karanta da ƙarfi, kalma kalma, kana bi da yatsa, kamar yadda mu ke yi a aji. Kada kunya ta kama ka don mutane suna jira, ko don yaron shagon yana murmushi. Kuɗinka ne. In ka tabbata daidai ne, sa'an nan ka ce a buga sauran. Kafin alƙalamin da ka bayar kuma a rubuta shi a takarda, da ranar karɓa, mai shago ya sa hannu.

Wani zai ce, "Malam, duk wannan na mene ne, ga waya?" Gaskiya ne. Tun 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya abubuwa suka yi sauƙi. Ka ɗauki hoton kati ɗaya, ka aika wa ɗan'uwanka na Legas ko na Kano ta WhatsApp, ko ka yi masa saƙon murya, ba ka kashe kuɗin mota ba. Ku yi amfani da ita. Amma mu mutanen Zamfara mun ga abin da wasu ba su gani ba. A farkon Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a jihar nan duka saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Garuruwanmu sun yi wajen wata uku ba waya. A wannan lokaci aure bai tsaya ba, suna bai tsaya ba, rasuwa ba ta tsaya ba. Mutane suka koma ba direbobi 'yar takarda a tasha. Wanda ya iya rubutu ya rubuta abinsa, wanda bai iya ba ya yi ta yawon neman mai rubuta masa, asirinsa a hannun wani.

Maganar tsaro ta kawo mu ga abin da ba a rubutawa. Kun san halin da hanyoyinmu su ke ciki, ba sai mun faɗa ba. Kati yana tafiya inda mai shi bai aike shi ba, hotonsa a Facebook kuwa ya fi haka nisa. Saboda haka ranar ɗaurin aure da wurinsa sun isa. Ranar da za a kai amarya, da hanyar da za a bi, da yawan motoci, da ranar kai kayan ɗaki, waɗannan a bar su a baki, tsakanin waɗanda abin ya shafa. Jerin sunayen manyan baƙi da muƙamansu, wanda wasu ke cika bayan kati da shi don a san su wane ne, shi ma a bar shi. Lambar waya in za a sa, ɗaya ta isa, ta namiji babba a gidan, ba ta amarya ba.

Rabo kuma a fara da na nesa, kamar mako biyu kafin rana. Ranar kasuwa ita ce gidan wayarmu, a nan za ka ga mutumin kowane ƙauye. Ka ba wanda ka sani, ka faɗa masa sunan mai ita, ka sa alama a littafinka. In da hali, ka haɗa kowace takarda da goro biyu ko 'yar alawa, don dattawa har yanzu sai sun ga goro su ke cewa an gaya musu.

Mako mai zuwa kowa ya zo da farar takarda ɗaya, da fensir, da rula in yana da ita. Za mu ninka ta huɗu, kowa ya rubuta gayyata da sunayen gidansu. Wanda ke da biki a gabansa cikin watan nan ya gaya wa malamin aji yau, don a fara da nasa. Mu kwana nan. Allah ya kai mu.